Gaskiya ko Jita-jita: Shin Akwai Maganin Sankara a Jikin Lallausan Murjani?

Duk bayan 'yan watanni sai labari ya ɓulla cewa masana sun gano maganin sankara a ƙarƙashin teku. Hoton da ke raka labarin kusan kullum iri ɗaya ne: wata halitta ja ko ruwan ɗorawa ko shunayya, mai rassa sirara, tana rangaji a cikin ruwa. Wannan shi ne lallausan murjani. Labarin ba ƙarya ba ne tsagwaronta, kuma a nan gizo ke saƙar, domin ƙaryar da aka cakuɗa da gaskiya ta fi wuyar rairayewa. Sama da shekara hamsin ke nan masana sinadarai suna tsamo waɗannan halittu suna tatsar abin da ke jikinsu, sun kuma samo dubban sinadarai da ba a san su ba a da. Tambayar da masu yaɗa labarin ba sa yi ita ce: guda nawa daga ciki suka kai ga hannun likita?

"Ai murjani dutse ne, ko kuwa tsiro ne na cikin ruwa"

Jita-jita ce, amma tsohuwa ce mai gata, don manyan masana ma sun daɗe suna riƙe da ita. A 1706 wani masani ɗan Italiya, Luigi Marsigli, ya ɗebo reshen jan murjani daga gaɓar Marseille a Faransa ya sa a ruwan teku. Bayan ɗan lokaci ya ga reshen ya fitar da wasu fararen abubuwa masu kunnuwa takwas-takwas, sai ya yanke cewa furanni ne, murjani kuwa tsiro. Wani likita ɗan garin, Jean-André Peyssonnel, ya sake bin lamarin a gaɓar Arewacin Afirka a shekarun 1720. Ya lura furannin nan suna motsi, suna noƙewa in an taɓa su, ya ce waɗannan dabbobi ne. Ba a yarda da shi ba. Wanda ya gabatar da rahotonsa a majalisar masanan Faris har ɓoye sunansa ya yi don kada a mai da shi abin dariya. Sai a farkon shekarun 1750 aka buga aikinsa a Landan.

Peyssonnel ne mai gaskiya. Kowane reshe taron ƙananan dabbobi ne da ke haɗe da juna, kowace da bakinta da yatsun da take kamo abinci da su. Masu tauri, waɗanda ke gina tsaunukan ƙarƙashin teku, yatsunsu shida ne ko ninkin shida, kuma kowace na zaune a cikin ɗakin dutse da ta gina wa kanta. Lallausan kuwa yatsu takwas gare su, ba su da ɗakin dutse, tsoka ce zalla da 'yan ƙananan allurai na kalsiyam a warwatse a cikinta. Jan murjanin da ake sa wa amarya, wanda ake tsamowa daga Bahar Rum, wanda kuma fataken Sahara suka riƙa kawo mana tun zamanin da, daga dangin masu yatsu takwas yake, sai dai shi ƙashin tsakiyarsa mai tauri ne. Wannan ƙashin ake gogewa a huda a yi tsakiya da shi.

"Abin da ya fito daga halitta ba ya cutarwa"

Wannan ita ce jita-jitar da ta fi haɗari, kuma wanda ya fahimci dalilin da ya sa murjani ke yin waɗannan sinadarai ba zai sake faɗinta ba.

Dabba ce mai tsoka mai laushi, a manne da dutse, ba ta iya gudu, ba ta da wurin ɓuya, ga kifaye masu yunwa suna kewaye da ita dare da rana. Me ya hana a cinye ta? Abin da ya hana akuya cinye tumfafiya ne: ɗaci da dafi. Sinadaran nan da ake yi wa kirari makamai ne. Wasu don su ɓata wa kifi baki, wasu don su hana gansakuka da ƙwayoyin cuta zama a jikinta, wasu kuma don yaƙi da maƙwabta. A farkon shekarun 1980 John Coll da abokan aikinsa a Jami'ar James Cook ta Ostareliya sun auna ruwan da ke kewaye da wasu lallausan murjani, suka tarar suna tsiyayar da dafi a cikinsa. Murjani mai tauri da ya yi kusa da su sai ya daina girma, wani lokaci gefen da ke fuskantarsu ya mutu.

A Bahar Maliya akwai wani nau'i, *Sarcophyton glaucum*, mai kama da lemar kwaɗi, wanda ke da yawa a gaɓar Masar da Sudan da Saudiyya. A 1974 masana a Jami'ar Tel Abib suka fitar da sinadarin sarkofin daga jikinsa, abu na farko da aka tabbatar game da shi kuwa shi ne yana kashe kifi. A 1981 aka samo lofotoksin daga wani murjani mai kama da bulala a tekun yammacin Meziko. Aikinsa shi ne toshe saƙon da jijiya ke aika wa tsoka, jiki ya shanye. Abin sha'awa, dukansu biyu 'yan gida ɗaya ne da wasu sinadarai da ke cikin ganyen taba da ƙaron lubban. Zumuncin gida dai bai sa halinsu ya zama ɗaya ba.

Duk da haka akwai masu cin su. Wani dodon koɗi fari fat, *Ovula ovum*, ɗan'uwan wuri na nesa, yana kiwo a kan *Sarcophyton*, yana juya dafin a cikinsa ya rage masa ƙarfi. Mutum ba shi da wannan baiwar.

Gagara-badau a wannan fage shi ne falitoksin. A ƙauyen Hana da ke tsibirin Maui na Hawayi, mutanen wurin sun gaji labarin wani kududdufi a bakin teku mai ɗauke da "ciyawa mai kisa" wadda mayaƙan zamanin da suke shafa wa tsinin mashi. Masana daga Jami'ar Hawayi suka yi ta neman wurin har aka nuna musu, aka kuma gargaɗe su cewa taɓa shi na jawo masifa. Suka ɗebi samfur a ranar 31 ga Disamba, 1961, a ranar kuma gobara ta cinye babban ginin ɗakin bincikensu. Ni dai ban ga alaƙa tsakanin gobarar da kududdufin ba, amma a batun dafin, tsofaffin Hana sun yi gaskiya. Ba ciyawa ba ce, wata dabba ce mai suna *Palythoa*, kuma a 1971 Richard Moore da Paul Scheuer suka fitar da dafin daga jikinta. Yana cikin dafi mafi ƙarfi da aka sani a duniya. Yana lalata ƙofar da ke daidaita shige da ficen gishiri a ƙwayoyin jiki, tsoka ta fara narkewa, zuciya ta rikice. Har yau babu makarinsa.

A ƙa'idar masana, *Palythoa* ba lallausan murjani ne na asali ba, dangin masu yatsu shida ne. Amma a kasuwar masu kiwon kifin ado a akwatin gilashi, tare ake sayar da su da suna ɗaya. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton mutum goma da suka kwanta a jihar Alaska tsakanin 2012 da 2014 bayan sun yi hulɗa da shi a shago ko a gida: zazzaɓi, tari, sarƙewar numfashi, ciwon tsoka, da ɗaci a baki. Wasu ko taɓa shi ba su yi ba, iskar ɗakin kawai suka shaƙa.

"An samo maganin sankara a jikinsa"

Nan ne gaskiya da jita-jita suka fi sarƙewa, don haka bari mu bi labarin sinadari ɗaya tun daga farkonsa.

A 1993 William Fenical na Cibiyar Nazarin Teku ta Scripps da ke Kalifoniya ya yi nutso a gaɓar Yammacin Ostareliya ya ɗebo wani ɗan ƙaramin murjani mai suna *Eleutherobia*. A ɗakin gwajinsa aka fitar da wani sinadari aka sa masa suna elutarobin, aka buga bayaninsa a 1997. Da aka gwada shi a kan ƙwayoyin sankara sai aka ga yana aiki irin na Taxol, shahararren maganin sankarar nono da ta ƙwan mace. Ƙwayar jiki in za ta rabu gida biyu, sai ta shimfiɗa wasu zarurruka da ke jan kayan gadonta zuwa ɓangarori biyu, sannan ta warware su. Taxol da elutarobin suna sandarar da zarurrukan su ƙi warwarewa, ƙwayar ta kasa rabuwa ta mutu. Ƙari a kan haka, elutarobin ya yi tasiri a kan wasu ƙwayoyin da suka riga suka bijire wa Taxol. Kamfanin Bristol-Myers Squibb ya karɓi lasisinsa. Jaridu suka ɗauka.

Sai dai da sauran rina a kaba. Murjanin ba shi da yawa, abin da ake samu a jikinsa kuma ɗan mitsitsi ne, bai isa ko gwaji mai zurfi a kan dabbobi ba, balle mutane. Manyan gwanaye biyu, K. C. Nicolaou da Samuel Danishefsky, kowanne da tawagarsa, suka haɗa shi a ɗakin gwaji a 1997 da 1998, amma hanyar doguwa ce mai tsada, ba ta fitar da mai yawa. Daga baya masana a Kanada suka same shi a jikin wani murjanin Karebiyan, *Erythropodium caribaeorum*. Duk da haka, kusan shekara talatin bayan gano shi, elutarobin bai zama magani ba.

Labarin sauran ma haka yake. Sarkodiktin daga Bahar Rum, sarkofitol daga tsibirin Ishigaki na Japan, da ɗaruruwan da jami'o'in Taiwan da Sin da Masar da Saudiyya ke bugawa kowace shekara daga *Sinularia* da *Lobophytum* da *Sarcophyton*. In ka karanta rahotannin da idon basira za ka ga kusan duka magana ɗaya suke yi: sinadarin ya kashe ƙwayoyin sankara a cikin faranti a ɗakin gwaji. Wannan mataki na farko ne kawai. Ruwan zafi ma yana kashe ƙwayoyin sankara a faranti. Abin da ake nema shi ne wanda zai shiga jini, ya tsallake hanta ba ta rusa shi ba, ya isa inda ƙarin yake da ƙarfinsa, ya kashe shi, ya bar mai ciwon da rai da ƙodarsa lafiya. Daga cikin magungunan da suka kai har matakin gwaji a kan mutane, kusan tara cikin goma ba sa tsallakewa, na sankara kuwa faɗuwarsu ta fi haka. Taxol kansa, an ɗebo ɓawon bishiyarsa a 1962, ba a amince da shi ba sai 1992.

Hukunci: akwai sinadarai masu kashe ƙwayoyin sankara a jikin lallausan murjani, wannan gaskiya ne. Cewa akwai maganin sankara daga jikinsa da likita zai rubuta wa mara lafiya, jita-jita ce. Babu ko ɗaya da wata hukumar magunguna ta amince da shi.

Mai yiwuwa abin da ke rikita mutane shi ne teku ta ba da magungunan gaske, amma daga wasu halittun. Sitarabin, maganin sankarar jini da aka amince da shi a 1969, daga sinadaran wani soson teku na Karebiyan aka kwaikwayo shi. Zikonotayid na matsanancin ciwo, 2004, daga dafin wani dodon koɗi. Tirabektedin, 2007 a Turai, daga wata halitta mai kama da 'yar jaka da ke manne wa saiwar bishiyoyin gaɓa. Eribulin na sankarar nono, 2010, daga wani soson Japan, wanda sai da aka tace kilo 600 nasa kafin a sami miligiram 12.5 na asalin sinadarin. Shi ya sa eribulin ɗin da ke asibiti a masana'anta ake haɗa shi tun daga tushe.

Masana su ma sun yi tasu jita-jitar. Shekaru da yawa ana kyautata zaton ba murjanin ne ke yin sinadaran ba, ƙananan gansakuka ko bakteriya da ke zaune a jikinsa ne, domin haka aka tarar a wasu halittun teku. Aka yi ta neman ƙwayar da za a kiwata a tulu a huta, ba a same ta ba. A watan Mayun 2022 tawagogi biyu, ta Eric Schmidt da Paul Scesa a Jami'ar Yuta da ta Bradley Moore a Scripps, suka buga sakamako a mujallar Nature Chemical Biology da ke nuna cewa umarnin haɗa waɗannan sinadarai yana rubuce a cikin kayan gadon murjanin kansa. 'Yan Yuta suka ɗauki wani sashe na umarnin suka dasa wa bakteriya, ta kuma fara haɗa matakan farko na elutarobin. A ganina wannan shi ne labari mafi muhimmanci a fagen cikin shekaru ashirin, ya fi duk kanun "an gano magani" nauyi, domin in hanyar ta kammala za a sami isasshen sinadari a gwada shi yadda ya kamata ba tare da an yashe teku ba. Gwajin kuma zai iya nuna cewa ba shi da amfani. Amma aƙalla za a sani.

"To ashe duk aikin banza ne"

A'a, wannan ma zarce gona da iri ne. Sau biyu lallausan murjani ya fita daga ɗakin gwaji ya shiga kasuwa.

Na farko, furostagilandin. Sinadarai ne da jikinmu ke yi kaɗan-kaɗan, masu hannu a naƙuda da kumburi da kare bangon ciki. A shekarun 1960 samun su don bincike jan aiki ne, sai an tara tarin jakar maniyyin raguna daga mahauta a tace a sami ɗan kaɗan. A 1969 Alfred Weinheimer da Robert Spraggins na Jami'ar Oklahoma suka tarar wani murjanin Karebiyan, *Plexaura homomalla*, yana ɗauke da su har fiye da kashi ɗaya cikin ɗari na busasshen nauyinsa, adadin da babu dabbar da ta kusance shi. Shi kuwa don kare kai yake tara su: kifin da ya haɗiye shi amai yake yi. Kamfanin Upjohn ya riƙa girbe shi a tsibiran Cayman a farkon shekarun 1970, har hanyar haɗawa a masana'anta, wadda Elias Corey na Harvard ya buɗe, ta sa aka daina buƙatarsa. Misoprostol da ungozomomi ke amfani da shi don tsayar da zubar jini bayan haihuwa, da latanoforos da ake ɗigawa don hawan jinin ido, 'yan wannan gida ne. Amma duk wanda ya ce maka daga murjani ake yin su, bai faɗi daidai ba. A masana'anta ake haɗa su.

Na biyu, sudoterosin, daga wani murjani mai kama da gashin tsuntsu a tsibiran Bahamas, *Antillogorgia elisabethae*. Sally Look da Fenical da Robert Jacobs da Jon Clardy suka bayyana shi a 1986, kuma a gwajin ɓeraye ya rage kumburi da raɗaɗi sosai. An gwada wani samfurinsa a kan mutane don warkar da rauni, bai kai ga zama magani ba. Inda ya ƙare shi ne man shafawa: kamfanin Estée Lauder ya sa shi a cikin mansa mai suna Resilience a shekarun 1990, Jami'ar Kalifoniya ta riƙa karɓar kuɗin lasisi. Masunta a Bahamas suna yanke rassan su bar gindin ya sake tofowa. Man shafawa dai ba magani ba ne, kuma shaidar da hukuma ke nema a kansa ba ta kai ta magani ba ko kusa.

"Garin murjani yana maganin cututtuka"

Tsohon zance ne da ya sake sabon tufafi. Masu maganin gargajiya a Indiya da ƙasashen Larabawa sun daɗe suna ƙona jan murjani su niƙa, Turawan da kuma suna rataya wa jarirai shi don haƙori da kambun baka. A farkon shekarun 2000 aka sake tallata shi a talabijin ɗin Amurka da sunan kalsiyam na murjani, ana cewa shi ne sirrin tsawon ran mutanen Okinawa ta Japan, kuma yana warkar da sankara da ciwon zuciya. A 2003 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta gurfanar da masu tallar, Kevin Trudeau da Robert Barefoot, saboda babu wata shaida a kan iƙirarin. A 2004 Trudeau ya amince ya biya dala miliyan 2.

Abin da ke cikin garin kalsiyam kabonet ne, wato sinadarin da ke cikin farar ƙasa da ɓawon ƙwai. Sinadaran da muka yi ta magana a kansu a tsokar dabbar suke, ba a ƙashinta ba, kuma kafin murjani ya zama tsakiya ko gari tsokar ta daɗe da tafiya. Wanda ya niƙa murjanin wuyansa ya sha, kalsiyam ya sha mai tsadar gaske, in ma ya yi sa'a ba gilashi ko roba mai rini aka sayar masa ba, don da yawan abin da ke kasuwa da sunan murjani haka yake. Yawan shan kalsiyam ba tare da shawarar likita ba kuwa yana iya jawo tsakuwar ƙoda.

Mai karatu, in aka kawo maka ƙwaya ko gari ko ruwa aka ce daga murjanin teku yake kuma yana maganin sankara, kada lambar NAFDAC da ke jikin kwalbar ta ruɗe ka. Lambar da hukumar ke ba kayan gargajiya, mai ƙarewa da harafin L, tana nufin an duba ba ya cutarwa ne, ba wai an tabbatar yana warkarwa ba. Wanda ya ji ƙulli a nono, ko ya ga gyambon da ya ƙi warkewa, ko jinin da ba a san dalilinsa ba, ya tafi asibiti a cikin makon nan, domin sankarar da aka kama da wuri ita ake iya warkarwa.